Ku Tambayi Malam: adon magana da hujjar da ba ta kai hujja ba

Saƙonni sun taru a wannan makon kuma yawancinsu hanya ɗaya suka dosa, ina jin don jarrabawa ta matso ne. Na ɗauki guda huɗu, sauran a yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar ajin ƙarshe ce a sakandare, zan rubuta Adabin Turanci a WAEC, wallahi sunayen nan na adon magana sun hana ni sakat, simili, metafo, haifaboli da sauransu, sai in haddace da dare da safe in ga sun gudu, kuma in aka kawo waƙar da ban taɓa gani ba aka ce in nuna wanne aka yi amfani da shi sai kaina ya ɗaure gaba ɗaya. Don Allah ya zan yi? Ɗaliba daga Unguwar Rimi.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Ƙwaƙwalwarki lafiyarta ƙalau, ta baya kika biyo wa abin. Kina haddace suna sannan ki tafi neman abin da sunan yake nufi, alhali abin yana bakinki tun kina 'yar ƙarama, sunan ne kawai baƙo. Yawancin sunayen ma Turawan aro su suka yi daga Girkanci da Latin, shi ya sa yaron da aka haifa a Landan shi ma sai ya sha irin wahalar da kike sha. Ni da bakin Hausa zan rubuta su a nan, yadda ake rubuta su a jarrabawa ki duba littafinki ki kwafa daidai.

In Umma ta ce yaron nan ya yi shiru kamar ruwa ya cinye shi, simili ta yi, malaman Hausa suna cewa kamantawa. Alamarsa a Hausa kamar, tamkar, sai ka ce, a Turanci kuma kalmomin "like" da "as". In ta jefar da kamar ɗin ta ce yaron nan wuta ne, ya zama metafo, wato siffantawa. Amma ki kula da tarko ɗaya, don masu tsara tambaya suna son sa: ba duk inda kika ga kamar ba ne ado. In na ce Amina tana kama da yayarta, labari kawai na ba ki, mutum na gwada da mutum. Sai an gwada abu da wanda ba jinsinsa ba sannan ya zama ado.

Haifaboli kambamawa ce, kullum kina yi, na kira ki sau dubu, yunwa za ta kashe ni, kasuwa ta cika ba masaka tsinke. Kishiyarta ita ce rage magana da gangan, kuma wannan Bahaushe gwani ne a kai, mutum ya yi wata shida ba ku haɗu ba ki ce masa kwana biyu, a kawo miki abinci mai daɗin gaske ki ce ba laifi. Fasonifikeshin kuma mutuntarwa, ki ba abin da ba mutum ba halin mutum, barci ya sace ni, mota ta ƙi tashi, talauci ya yi sallama gidan. Yufemizim sakaya zance ne don kunya ko ladabi, ya riga mu gidan gaskiya, tana da juna biyu, zan ɗan zaga. Waɗannan ba na jin za su ba ki wahala.

Masu ba da wahala tagwaye ne guda biyu. Na farko metonimi da sinekdoki. In kika ji a rediyo an ce Gidan Sir Kashim ya fitar da sanarwa, ai kin san gini ba ya magana, gwamnati ake nufi, an kira ta da sunan wurin da take zama, to wannan metonimi ne, kiran abu da sunan abin da yake da alaƙa da shi. In kuma Baba ya ce baki goma nake ciyarwa, baki ɓangare ne na jikin mutum, an kira mutum ɗungurungum da sunan wani sashensa, wannan sinekdoki. Tambayar da za ki yi wa kanki ɗaya ce, abin da aka ambata yanki ne na abin da ake nufi ko maƙwabcinsa ne kawai.

Na biyu oksimoron da faradoks. Oksimoron kalmomi biyu ne masu faɗa da juna aka manne su wuri ɗaya, kamar yadda kuke cewa amarya ta yi mugun kyau. Faradoks kuwa jimla ce cikakkiya wadda da farko za ki ji kamar ta ci karo da kanta, sai kin ɗan nutsu ki ga gaskiya ce, sauri kan haifi nawa.

Sai aironi, shi ne ɗalibai suka fi faɗuwa a kai don kala uku ne. Akwai na baki, shi ne gatse, kin fasa kofi Umma ta ce sannu da aiki, kin kyauta. Akwai na hali, inda abin da ya faru ya saɓa wa abin da ake tsammani ta hanyar da za ta sa mutum murmushin takaici, kamar garin da yake da matatar mai tun 1980 amma a ga mutanensa a layin fetur. Akwai kuma na wasan kwaikwayo, ke mai kallo kin san an zuba wani abu a abincin amma wanda zai ci bai sani ba yana ta yabon mai girki. Wannan na ukun ki riƙe shi da kyau, wasannin Shakespeare cike suke da shi kuma WAEC ba ta rabuwa da Shakespeare.

Shawarata ki sami littafin rubutu, kowane suna ki ba shi shafi, a sama ki rubuta misali ɗaya na Hausa daga bakin mutanen gidanku, a ƙasa misali daga waƙoƙin da aka sa muku. Kuma a amsar rubutu kada ki tsaya a cewa mawaƙi ya yi amfani da metafo ki sa aya. Me ya gwada da me, kuma me gwadawar ta ƙara wa ma'anar, nan ne makin yake.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina koyarwa a Islamiyya, na ɗan taɓa balaga a zaure. Abin da yaranmu suke koyo a boko da sunan adon magana shi ne balagar tamu ko daban ne? Daga Tudun Wada.

AMSA: Allah ya gafarta Malam, ai ku ne manya a wannan fage. Sun haɗu a wurare da yawa, tashbihi shi ne simili, ɗibaƙi shi ne haɗa kishiyoyi, mubalaga ita ce kambamawa, majazul mursal kuma ya tattara abin da Turawa suka raba gida biyu, metonimi da sinekdoki. Sai dai balaga ta fi tsari a ganina, tunda ta kasu uku, ma'ani da bayani da badi'i, kuma malamai irin su Abdulƙahir al-Jurjani na ƙarni na 11 sun zurfafa a kan dalilin da ya sa jerin kalmomi kaza ya fi jerin kaza tasiri, abin da manhajar sakandare ba ta taɓowa sam.

Wuri ɗaya nake so ku gargaɗi yaran. In aka ce Audu zaki ne, a balaga wannan har yanzu tashbihi ne, tashbihi baligi, don an ambaci Audu an ambaci zaki. Isti'ara sai an ɓoye ɗaya daga ciki, kamar a ce na ga zaki a kan mumbari yana huɗuba. Amma a Turanci duka biyun metafo ne. Yaron da ya iya balaga sosai yana iya zaɓar simili a jarrabawar boko ya faɗi, ba don bai sani ba, sai don ya kai ma'aunin wata makaranta wata.

TAMBAYA: Malam ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Bacci. Ƙanena yana aji biyu a jami'a, tunda suka yi wani kwas na falsafa da lojik ba a iya hira da shi a gida, duk abin da ka faɗa sai ya ce falasi ne. Ranar nan yana ce min wai in raba kuɗin shago da kuɗin cefane, na ce masa kai da ko sisi ba ka taɓa nemowa ba za ka koya min kasuwa, buɗar bakinsa sai cewa ya yi wai na yi ad hominem. Zagi ne ko me? Don in zagi ne in san matakin ɗauka.

AMSA: Alhaji a sassauta, ba zagi ba ne. Falasi shi ne hujjar da take da kamar ta tsaya amma in an taɓa ta sai ta zube, masu ilimin manɗiƙi suna ce mata mugalaɗa. Abin ya daɗe, Aristotle na Girka wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya lissafa iri goma sha uku, an fassara littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, daga baya Turawan Yamma suka sa wa da yawa daga ciki sunayen Latin, shi ya sa kake jin su wani banbarakwai. Ad hominem na nufin ka bar maganar ka koma kan mai maganar.

Kuma ka yi haƙuri Alhaji, a wannan karon yaron ya fi ka gaskiya. Raba kuɗin shago da na gida ko shawara ce mai kyau ko ba mai kyau ba, aljihun wanda ya faɗa ba zai canza ta ba. Da ka ce masa a irin kasuwarmu abin ba zai yiwu ba saboda kaza da kaza, da ka amsa shi.

Amma ka riƙe wannan don ranar da zai sake jefo maka kalmar, ba duk duba halin mutum ba ne kuskure. In labari aka kawo maka wanda ba ka da hanyar tabbatarwa sai ta bakin mai kawowa, dole ka duba ko maƙaryaci ne, ai malaman hadisi ilimi guda suka gina a kan tantance masu ruwaya, kotu ma tana duba shaida. In wani ya ce ya ga kayanka sun iso tashar Kawo kuma ka san shi da ƙarya, shakkarka daidai ce. In kuwa lissafi ya kawo wanda kai ma za ka iya bi da biro, to lissafin za ka duba.

Bari in ba ka wasu, don kai ma ka riƙa kama shi. Akwai wanda Turawa suke kira mutum-mutumi, irin na gona. Ka ce masu Keke Napep su rage gudu a gaban makarantar firamare, wani ya miƙe ya ce wato so kake a hana talaka neman abinci. Ba ka faɗi haka ba, ya ƙera maganar da ta fi sauƙin bugewa ya jingina maka ya buge ta. A taron unguwa da guruf na WhatsApp wannan ya fi kowanne yawa, kuma maganinsa ka ce a maimaita abin da na faɗa tukuna.

Akwai kai ma ai haka kake. A ce maka ka rage shan lemon kwalba saboda suga, ka ce wa mai faɗa ai jiya na gan ka da biyu. To ya sha, sugan naka ya sauka? 'Yan siyasa da magoya bayansu sun mayar da wannan sana'a, a ce gwamnatinku ta yi kaza su ce ta baya fa. Laifi tudu ne, amma hango na wani ba ya goge naka.

Akwai ko wannan ko wancan, a rufe duk ƙofofi a bar maka biyu, ko ka goyi bayan ɗan takararmu ko kai maƙiyin Arewa ne, kamar ba a iya son Arewa a ƙi mutum ɗaya. Akwai gangara mai santsi, in aka bar yarinyar nan ta riƙe waya gobe za ta daina karatu, jibi ta fara yawo, gata ta bar gida. Kowane mataki yana iya faruwa, amma mai maganar bai nuna dalilin da zai sa dole ɗaya ya haifi ɗaya ba, tsoro kawai ya jera. In ya nuna, to ba kuskure ba ne, gargaɗi ne. Akwai kuma bin yarima a sha kiɗa, kowa yana zuba kuɗi a harkar nan don haka gaskiya ce, kuma kai ɗan kasuwa ba sai na gaya maka yadda irin wannan take ƙarewa ba.

Wanda Turawa suke kira jan kifi, wato kifi mai launin ja, shi ne kautar da zance. Wani ɗan jaridar Ingila William Cobbett ne ya yaɗa kalmar a 1807, da labarin jan busasshen kifi mai wari a ƙasa don a ɓatar da karnukan farauta daga sawun zomo. A tambayi shugaban ƙungiya ina kuɗin da aka tara, ya fara bayanin yadda matasan yanzu ba su da ladabi.

Biyu ne nake so in daɗe a kansu don su ba a baki suke tsayawa ba, suna cutar da mutane. Na farko da Latin ana ce masa fos hok, ma'ana abu ya zo bayan abu don haka shi ya jawo shi. Tunda aka kawo amaryar nan ciniki ya tsaya, sai a ce farar ƙafa gare ta, ba wanda ya tambaya ko a watan ne farashin kaya ya tashi ko damina ta hana mutanen ƙauye shigowa, yarinya ta shiga baƙin jini a gidan miji a kan arashi. Haka mura, yawanci da kanta take wucewa cikin kwana bakwai zuwa goma, mutum ya sha wani haɗi a kwana na shida ya warke ya rantse haɗin ne. Na biyu kuɗin goro, mutum biyu ko uku daga wata ƙabila ko wani addini sun cuce ka, shi ke nan duk haka suke. Mu a Kaduna mun san rikicin da wannan maganar ta jawo mana a 2000 da 2002, har yau ana jin mutanen ƙetaren gada kaza, mutanen wannan ɓangaren kaza, daga bakin waɗanda ba su taɓa zama da ko goma daga cikinsu ba.

Shi kuma ƙanen naka ka isar masa da saƙona. Kiran sunan falasi ba ya cin gardama, kuma lalacewar hujja ba ta nufin maganar ƙarya ce. Ka ba shi wannan, 16 bisa 64, wani ya soke 6 na sama da 6 na ƙasa ya ce amsa 1 bisa 4. Hanyar shirme ce, amma amsar daidai take. Ya gwada da 12 bisa 24 ya soke 2 da 2, zai sami 1 bisa 4 alhali rabi ne. Wato in ya kama ka da karkatacciyar hujja, abin da ya tabbatar kawai shi ne ba ka kawo dalili mai kyau ba tukuna, sauran aikin yana nan. Sannan babban wa ba abokin aji ba ne, ana iya cewa Yaya ni dai shawarar nake so a duba ba tare da an jefe shi da Latin ba.

TAMBAYA: Malam ni ce mai kula da ƙungiyar muhawara a wata makarantar 'yan mata. Yarana suna da hujjoji masu kyau amma kullum sai masu zaƙin baki su kayar da su. Shin koya musu salon jan hankali ba koya musu yaudara ba ne? Malama daga Malali.

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari. A'a, muddin akwai hujja a ƙarƙashin salon. Aristotle ɗin da na ambata ya ce abu uku ke sa a yarda da mai magana, itos wato yadda ake ganin mutuncinsa da saninsa, fatos wato taɓa zuciyar mai sauraro, da logos wato dalilin kansa. Yaranki na ukun suke da shi, kuma alƙalan muhawara mutane ne, suna gajiya, suna hamma, in yarinya ta karanto alƙaluma ido a takarda murya ƙasa-ƙasa ba wanda zai tuna me ta ce.

Abu biyu za su isa a fara da su. Maimaita kalmomin farkon jimla, anafora ake ce masa, shi Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata a Amurka, ya yi a Washington ranar 28 ga Agusta 1963 gaban mutum kusan 250,000, yana ta buɗe jimla bayan jimla da cewa yana da mafarki, kuma yau abin da aka fi tunawa daga jawabin ke nan. Sai tambayar da ba ta neman amsa, wace uwa ce a nan za ta so 'yarta ta zauna a ƙasa a aji? Amma sau ɗaya ko biyu, in ta yi yawa sai ta koma kamar tallan magani a tasha.

Inda yaudara take shigowa shi ne a sa tausayi ya zauna a kujerar dalili. Yarinya ta ba da labarin marainiya ɗaya har a yi ƙwalla, sannan ta ce don haka a ɗauki matsayinmu, ba tare da ta nuna yadda matsayin zai taimaki marainiyar ba. Ki koya musu su gane wannan a bakin abokan karawa su amsa cikin ladabi, labarin ya taɓa mu duka, amma ina alaƙarsa da abin da ake muhawara a kai? Kuma kafin kowace gasa ki raba su biyu, ki sa kowace ta fara faɗin hujjar ɗaya ɓangaren da bakinta har sai masu hujjar sun ce e haka muke nufi, sannan a ba ta minti uku ta rushe ta.